Yaya da Gwiwar Baba

Yayata gashi take cirewa. Na faɗa tun da wuri, don na gaji da mutanen da in na ce tana aiki a asibitin fata sai su gyara zama su fara nuna min ƙyasbin wuyansu. Ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Na'ura ce da ita mai harba haske, lesa ake ce mata. Hasken yana bin baƙin gashi ya gangara har saiwa ya ƙone ta, gashin ya daina fitowa. Aikinta ke nan daga safe zuwa la'asar, a wani ɗan ɗaki mai sanyi a saman bene, mai gado ɗaya da kujera mai taya da labule mai kauri. Mai dariya ya yi abarsa, ni dai ba ni da abin alfahari a duniya kamar wannan baiwar Allah.

Mu 'ya'yan mai aski ne. Shagon Baba yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai madubi, sai benci na masu jira, sai ƙaramin risho da yake dafa ruwan tawul. Yana da kilifa don kai, amma fuska ba ya yarda a taɓa ta da komai sai aska. Abin da aka san shi da shi shi ne aski har fata. Masu zaman benci sukan ce in Baba ya gama da haɓarka, ƙuda ma in ya sauka sai ya zame. Shi kuma in ya ji haka sai ya yi kamar bai ji ba, alhali har kunnensa motsi yake don daɗi.

Mu biyu Allah ya ba shi, duk mata. Ni ce auta, kuma tun ina ƙarama ba na shiri da shagon nan, gashi ƙaiƙayi yake sa ni. Yaya kuwa da an tashi daga makaranta can za ka same ta da tsintsiya. Ta share, ta wanke tawul, ta cika kwalbar sifirit, sannan ta jingina da bango ta yi shiru kamar ba ta nan. Baba bai taɓa miƙa mata aska ba, bai ma taɓa tunanin haka ba. A wajensa sana'ar ta ƙare a kansa, tunda babu ɗa namiji.

Da ta gama makaranta ta sami aiki a asibitin fata, aikin shimfiɗa zanin gado da goge kayan aiki. Likitar wurin ta lura da ita, ta ga yarinya ce marar gaggawa, in aka ce ta goge abu sau biyu ba ta goge shi sau ɗaya da rabi. Ita ta tura ta kwas. Yaya ta yi karatun fata da gashi har ta rame, ta ci jarrabawa, aka ba ta takarda, aka damƙa mata na'ura. Ranar da ta kawo takardar gida tana murna, Baba ya juya ta gaba da baya, ya sa ta yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙa mata abarta.

"Wato dai aski ne, amma da tocila."

Mama ta harare shi, ni na yi dariya don ban da hankali a lokacin, Yaya ta ninke takardarta ta sa a jaka. Daga ranar sunan na'urar a bakinsa tocila. In masu zaman benci suka tambaye shi aikin babbar 'yarsa, sai ya ce tana asibiti, ya yi maza ya tambayi mutum ko a rage saje. Kunya yake ji a ce 'yarsa hammatar mata take bi. Abin yana cin Yaya a rai, na sani, don ɗaki ɗaya muke kwana, amma ko sau ɗaya ba ta furta ba.

A wurin aiki kuwa Anti Kar-ki suke kiranta. Dalili, ba mai fita daga ɗakinta sai ta sha wa'azi. Kar ki shiga rana. Kar ki yi wanka da ruwan zafi. Kar ki fesa turare a wurin, kar ki dirje da soso, kar ki sosa ko da ya yi ƙaiƙayi, mai marar ƙamshi kaɗai za ki shafa. Ta taɓa yi min bayani cewa irin fatarmu baƙa ita ce mai wuyar sha'ani, don hasken baƙi yake nema, in mai aiki ya yi ganganci sai ya bar gashin ya kama fatar. Shi ya sa ba ta taɓa fara wa mutum aiki kai tsaye. Sai ta gwada a ɗan wuri kamar faɗin farce, ta ce a je a dawo bayan kwanaki ta ga yadda fatar ta karɓa. Na taɓa kai mata abinci na tarar tana sallamar wata mata mai gwala-gwalai har wuya, saboda ta ga alamar man bilicin a fuskarta. Matar ta rantse ba ta shafawa, Yaya ta kalli gaɓoɓin yatsunta kawai ta ce ta bar man na wani lokaci ta dawo. Matar ta fita tana zage-zage, ta kuma dawo bayan watanni da ƙanwarta.

Haka muke har ranar da wata babbar mota ta kwaso Baba a kan babur, yana dawowa daga sayen reza. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yanzu ƙirjina ba ya so. An yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. Likitan ƙashi da ya yi aikin ya ce mu gode wa Allah da gwiwar ta tsira, don mai gwiwa yana tafiya da ƙafar roba har a manta da ita. Kuma haka aka yi. Baba mutum ne mai zuciya, ya koyi tafiya, ya jefar da sanduna, ya koma bayan kujerarsa yana tsaye daga safe zuwa yamma kamar da. Ranar da ya sake buɗe shago benci bai ɗauki mutane ba.

To, ƙafar roba kamar kofi take, dungulmin yana shiga ciki da safa. Ga zafi, ga zufa, ga tsayuwa. Gashin ƙwaurinsa ya fara damunsa a ciki, yana jan sa yana cizo. Me mai aski zai yi in gashi ya dame shi? Ya ɗauki aska. Kowace safiya kafin ya sa ƙafar sai ya aske dungulmin tas, irin askinsa, ya bi gashin ya kuma dawo ya tare shi, har fata, ya bi da sifirit. Gashin da aka yanke ƙasa da fata kuwa, in ga roba ta danne shi, ba ya samun hanyar fita. Sai ya lanƙwashe ya koma ciki. Ƙuraje suka feso. Shi kuma da ya ga ƙuraje sai ya ce askin ne bai yi kyau ba, ya ƙara wasa aska. Bai gaya wa kowa ba, har Mama, sai dai muka ga yana yawan zama tsakanin askin wannan da na wancan.

Asiri ya tonu ranar da ƙafar ta ƙi shiga. Maruru ne ya taso kamar ƙwai, ga zazzaɓi yana kaɗa shi. Aka kai shi, aka tsaga, aka matse mugunya, aka ba shi magani. Ya warke, ya koma shago, ya koma askinsa a ɓoye. Karo na biyu marurun ya fi na farko zurfi. A nan ne likitan ƙashi ya tara mu, ni da Mama da Yaya, a gaban Baba, ya faɗi magana ba kwana-kwana. Ya ce ciwon yana matsawa kusa da ƙashi. In ya sake dawowa ya taɓa ƙashin, babu makawa sai an ƙara yankewa, wannan karon a saman gwiwa. Kuma mutum mai shekarun Baba in ya rasa gwiwa, ko ya yi tafiya, tsayuwar yini guda ta ƙare masa. Ya ce a ajiye aska, kuma da zarar ciwon ya rufe a nemi masu lesa su kashe gashin wurin gaba ɗaya, an sha yi wa masu ƙafar roba haka.

Mama ta kalli Yaya, Yaya ta kalli ƙasa, Baba ya kalli bango kamar an rubuta masa wani abu a jiki.

A gida ya ce atafau. Ya ce shi ba zai je ɗakin da mata ke cire hammata ya kwanta ba. Ya ce bai haifi 'yar da zai buɗe wa dungulmi ba. Yaya ta ce akwai abokiyar aikinta, ya ce wannan ma ta fi muni. Ya ce shekarunsa nawa yana hulɗa da gashi, yau za a zo a koya masa da tocila? Mama ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi. Ni na yi masifa har muryata ta dishe, na ce masa dama an ce wanzami ba ya son jarfa, ya ce in fita masa daga ɗaki. Ya yi kunnen uwar shegu da mu duka. Yana zaune da sanduna a gefe, ƙafar roba tana jingine a bayan ƙofa, shago a kulle.

Yaya ba ta sa baki a duk hayaniyar nan ba. Sai wata safiya Mama tana canja masa bandeji a tsakar gida, inda haske yake, ta zo wucewa da jakarta za ta tafi aiki. Ya yi wuf zai rufe da zani, amma ta riga ta gani. Ta tsaya, ta durƙusa a ɗan nesa.

"Baba, furfura ta fara sauka ƙafar nan. Hasken da nake aiki da shi baƙin gashi kaɗai yake gani. In ka bari ta yi fari, ko ka zo ba ni da abin da zan iya yi maka."

Ta tashi ta tafi. Baba ya sunkuya ya daɗe yana duban ƙafarsa. Ya san gashi, ya san yadda furfura take, in ta sa kai ba ta neman izini. Magana ce ta sana'a, kuma ita kaɗai ce ta shige shi. Da yamma ya tambayi Mama, ba Yaya ba, wace rana ce ba su da cunkoso a wurin nasu.

Sai da ciwon ya rufe sarai Yaya ta sa rana. Ta bar wa Mama saƙo cewa kar ya taɓa wurin da komai, ita za ta shirya shi da kanta. Mama ta ce ta faɗa masa, shi ya ce bai ji ba, har yau ba a raba wannan gardama ba. Abin da na sani, ana gobe za mu je ya kulle kansa a ɗaki tun bayan azahar, bai fito ba sai da rana ta yi sanyi, yana gumi, fuskarsa a sake.

Ni na raka shi. Ya sa kayansa masu kyau, ya hau benen da sanduna, ya wuce matan da ke jira kansa a sama kamar ya zo duba ginin. Yaya ta sa shi ya hau gado, ta kunna na'ura tana ƙugi, ta sa safar hannu, ta warware zanin da ke naɗe da ƙafar. Sai na ga hannunta ya tsaya.

Dungulmin sumul yake, babu ko sili ɗaya, sai ɗige-ɗigen ja ko'ina. Ashe hantsaki ya samu ya zauna ya tsige gashin ɗaya bayan ɗaya, tun daga gwiwa har ƙasa. An ce kar ya yi aski, to bai yi aski ba. Yana murmushi ya ce ya rage mata aiki, ta haska abin da ya saura su tafi. Ni na gane abin da bai faɗa ba. Bai so 'yarsa ta ga wurin da gashi buzu-buzu da tabo ba, so ya yi ya zo mata a gyare, kamar yadda yake fitar da mutane daga shagonsa.

Yaya ta miƙa hannu ta kashe na'urar. Ta yi masa bayani a hankali cewa hasken saiwa yake bi, shi kuma ya tumɓuke saiwoyin, babu abin da zai kama. Sai an jira sun sake tsirowa, wata guda ko fiye. A tsawon lokacin babu aska, babu hantsaki, babu ƙafar roba. Kuma kowane ɗigon ja da yake gani ƙofa ce da ya buɗe wa ciwo.

Murmushin ya ɗauke. Ya ce dama ya sani, ramuwa ce, ta samu ya hau mata gado za ta rama maganar tocila. Na matsa kusa da ita na raɗa mata ta ɗan haska masa ko sau biyu ne, don kar ya sauka benen nan da kunya, wa zai sani? Wallahi kallon da ta yi min sai da na ja da baya.

"In ƙona masa fata a banza don ya ji daɗi? Gwiwarsa ce, Auta."

Ni da Baba muka sauko muka koma gida. Da ta tashi daga aiki ta biyo gida kai tsaye, ta shiga ɗakinsa yana zaune, ta buɗe akwatin kayan aikinsa a gabansa. Ta kwashe asake, da reza, da hantsaki, har da dutsen wasa aska, ta zuba a jakarta ta ja zif. Shafa wa idonta toka ta yi. Tun da aka haife mu ba wanda ya taɓa taɓa akwatin nan. Mama ta dafe ƙirji a bakin ƙofa. Daga ranar Baba ya daina yi mata magana.

Makonnin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Kullum in ta taso aiki sai ta zo ta durƙusa a gabansa da ƙaramin baho. Ta wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, ta dafa da tawul har ya bushe, ba ta gogewa, sannan ta bi da yatsa tana neman inda ya yi tauri. Shi kuma ya juya fuska ga bango. In yana da magana sai ya ce da Mama ta gaya wa 'yarta ruwan ya yi sanyi, alhali 'yar tana riƙe da ƙafarsa. Yaya sai ta ce da Mama ta gaya masa haka ake so. Mama ta ce ita ta gaji da zama waya a gidanta.

Ana cikin haka wani ƙurji ya taso a gefen tabon, ja, mai zafi. Ranar ba wanda ya ci abinci. Yaya ba ta yi wasa ba, ba ta kuma ce za ta iya ba, ta sa shi a mota sai wurin likita. Aka ba shi magani, muka zuba ido. Ya kumbura, ya tsaya, sannan ya fara sacewa. Na same ta a bayan gida tana wanke tawul tana kuka ba sauti, na tsaya na taya ta matsewa.

Gashin kuwa ya dawo, kuma ba abin da ya fi ci wa Baba rai kamar ya zauna yana kallon gashi yana tsiro ba shi da ikon taɓa shi. Ga ƙaiƙayi, an hana shi sosawa. Sau biyu Mama tana kama shi yana laluben aljihun tsofaffin riguna ko reza ta maƙale. Abokan cinikinsa suna zuwa gaishe shi, wasu da gemu ya cika musu fuska don sun ce ba mai taɓa su sai shi. Sai ya bi haɓarsu da kallo kamar mai azumi a gaban mai cin abinci.

Da gashin ya kai yadda take so, Yaya ta zo da jakarta. Ta ce da Mama ta gaya masa gobe za a fara, kuma ana bukatar a aske wurin yau, amma sama-sama, a bi kwanciyar gashin sau ɗaya kawai, a bar saiwa a inda take. Ta fito da sabuwar reza a cikin askarsa ta ajiye a gabansa. Ni na zaci zai fizga. Ya ɗauka, ya juya ta, ya kai ta kusa da ƙafar, ya daɗe a haka. Sai ya ajiye. A karo na farko ya dube ta.

"Hannuna bai san rabin aski ba. In na fara sai na kai fata."

Ta ɗauki askar. Ta shafa kumfa, ta ja fatar da babban yatsan hagu, ta ɗaga ƙaramin yatsan dama sama, ta sauke askar a karkace. In ta ja sau ɗaya sai ta goge bakin a bayan hannunta na hagu. Ni ban ga komai a ciki ba sai da na ga Baba ya ƙura wa hannunta ido. Riƙonsa ne, har ɗan yatsan, har gogewar. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce shi. Ya ce ƙarya ne, bai taɓa ba ta aska ba.

"Shara nake yi, Baba, amma idona biyu."

Mama ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ta tashi ta shige kicin, don ta san in ta zauna kuka zai ƙwace mata ta ba da mu. Baba ya yi gyaran murya ya ce ta rage kumfa, ɓarna ce.

Washegari ta sa masa baƙin tabarau, ni ma ta ba ni, ta shafa wani mai mai sanyi kamar ƙanƙara. Ko shi ba ta ɗaga masa ƙafa ba, gwaji ta fara yi a ɗan wuri ta ce a dawo. Bai yi gardama ba. Da aka fara aikin sosai, kowane harbi sai ƙafar ta zabura, ya ce kamar ana harbinsa da roba. Ɗakin ya ɗauki ƙaurin gashi. Ta zana iyakar tabon da farin fensir tana kewaye shi, tana tafiya layi-layi ba ta maimaita wuri. Can sai na ji yana tambaya. Me ya sa ta tsallake nan? Me ya sa take sanyaya wuri kafin ta harba? In gashin mutum mai kauri ne fa, ƙara wuta take ko ragewa? Tana amsawa tana aiki, kamar masu sana'a biyu a bakin kasuwa. Ni da na zo rakiya sai na koma 'yar kallo.

Da aka gama ya sha wa'azin Anti Kar-ki, sai dai nasa kar ka ne. Kar ka sa ƙafar roba sai jan ya baje. Kar ka ɗora tawul mai zafi, wanda a wajen Baba shi ne maganin komai har ciwon kai. Kar ka shafa sifirit, kar ka barbaɗa hoda, kar ka zauna da shi a rana. In ka ga gashi yana zubowa da kansa, kar ka ja shi. Safa kuma kullum wankakkiya, busasshiya. Ya yi ta gunaguni yana cewa ko a gidan yari ba a yi wa mutum haka, amma bai karya ko ɗaya ba.

Ba a yi shi a zama ɗaya ba, don gashi ba ya tsirowa lokaci guda, wani yana barci wani yana farke. Sai a yi, a huta makonni, a koma. Watanni muka yi muna hawa benen nan. A tsakani ta ba shi izinin sa ƙafar na ɗan lokaci, sannan rabin yini, sannan ya buɗe shago, ta mayar masa da kayan akwatinsa da sharaɗin haɓar mutane kaɗai. Gashin ya yi ta raguwa, wanda ya dawo ma siriri ne marar ƙarfi. Abin da ya rage 'yan silin furfura ne da hasken bai gani ba, ta ce waɗannan ya datse su da almakashi, ta yarda da shi.

Ranar komawa wurin likitan ƙashi duk muka tafi. Likitan ya sa ya cire ƙafar, ya jawo fitila, ya danna nan ya danna can, ya tambaya ko da zafi. Ya sa ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe, ya sake lanƙwasawa. Ya duba hoton ƙashin da aka ɗauka ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce ƙashi lafiya lau, fata lafiya lau, maganar ƙarin yanka a ajiye ta. Mama ta fara hamdala ba ƙaƙƙautawa. Likitan ya sake shafa wurin ya ce aikin ya yi kyau, ko tabon ƙuna babu, a ina aka yi?

Yaya tana tsaye a bayanmu kusa da ƙofa, ta buɗe baki za ta faɗi sunan asibitin. Baba ya riga ta.

"'Yata ce ta yi. Ga ta can. Sana'ar gidanmu ce, likita, a wurina ta gada, sai dai ta fi ni hannu."

Ya sunkuya ya ja safarsa, ya zura dungulmin cikin ƙafar, ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba. A waje ga lif mai sauke mutane daga bene a buɗe yana jira, ya wuce shi ya nufi matattakala. Muka tsaya a sama muna kallonsa yana sauka, gwiwar tana lanƙwashewa a kowane taki. Yaya ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Daga ƙasa ya ɗago kai ya ce mu yi sauri, ya bar mutane a benci.